Makon da Aka Hana 'Yata Kallon Mutane

A littattafan da na tashi da su, komai da ido yake farawa. Yarinya ta fito aike, ta ɗago kai, idonta ya faɗa cikin na wani, shi ke nan, sauran shafukan duk bayani ne. Gwaggona da ta yi zaman aure a Kano ita ta dawo mana Zongon Kwatano da su cike da akwati, ita kuma ta koya mini karatun Hausar boko, don a lekol, wato makaranta, Faransanci kaɗai aka koya mana. Na karanta su a kan tabarma, na karanta su a bayan buhunan albasa a shagon babanmu. Har yau idan direbobin da ke zuwa arewa suka tambaye ni tsarabar da nake so, littafi nake cewa. Saboda haka idan na ce an taɓa idon 'yata, a san ba ƙaramin wuri aka taɓa mini ba.

'Yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa. A lokacin shekararta tara, tana aji huɗu a firamaren gwamnati da ke bakin unguwarmu, inda 'ya'yan Zongo ke zama benci ɗaya da 'ya'yan Fon da na Yarbawa, duk cikin kaki iri ɗaya. Idanunta manya ne, farare tas, irin waɗanda marubutan nan ke ɓata shafi guda suna kwatantawa da madara. Sai dai kusan babu wanda ya san haka, domin kullum a ƙasa suke. Mu a gida haka muka tashi, yaro ba ya kallon babba ido cikin ido, kuma haka na rene ta.

Malamar ajinsu, wadda yara ke kira metires, ba ta son wannan ɗabi'a ko kaɗan. Tun zangon farko ta aiko aka kira ni.

"Madam," ta ce da Faransanci, "yaranku na Zongo kamar kowa ya yar da allura yana nema. Ina magana, 'yarki tana kallon takalmina. Ki gaya mata, a nan wanda ba ya kallon mai magana, ko maƙaryaci ne ko ba ya ji."

Na ji zafin maganar, amma na haɗiye. Na koma gida na shiga koya wa yarinya ladabi iri biyu, na gida kai a ƙasa, na lekol kai a sama. Aikin ya ba mu wuya. Wani lokaci sai ta manta inda take, ta ɗago ta zuba wa mahaifiyata ido, ita kuwa Hajiya ta ce, "Ke, lafiya? Ƙaho ya fito mini ne?"

A hankali ta iya. Da shekara ta zo ƙarshe, metires da kanta ta zaɓe ta ta yi jawabin maraba a bikin rufe makaranta, wanda ake ce wa fet, shafi guda cur na Faransanci a gaban direkta, shugaban makarantar, da iyaye. Mako biyar muna haddacewa. Nakan jera tukwane da kwalaben turaren wutan da nake sayarwa a kan tabarma, in ce babbar tukunyar nan ita ce direkta, kwalaben nan iyaye ne, ki kalli kowa bi da bi. Babanta yana kan hanyar Parakou da motar kaya, sai mu naɗa masa muryarta a waya mu tura. Ni kuwa har na riga na ga ranar a zuciyata: iska tana kaɗa gyalena, 'yata tana tsaye kamar tauraruwa, mata suna tambayar 'yar waye wannan.

Ina cikin kwamitin iyaye, ɓangaren tsabta. Tun zamanin korona aka bar bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar kowane aji. Na lura yara suna wanke hannu su goge a jikin kaki, abin bai yi mini kyau ba. Sai na shiga kasuwar Dantokpa na zaɓo tawul mai laushi, ruwan hoda, da furannin wardi a gefensa, na yi masa maɗauki da hannuna, na rataye a ƙusa kusa da bokitin ajinsu. Metires ta yaba, ni ma na yaba wa kaina.

Saura mako biyu fet, afolo ya shigo gari. Ciwon idon nan ne da ke sa ido ya yi jawur, ya kumbura, ka tashi da safe kwantsa ta manne shi. 'Yan zem, masu acaɓarmu, duk suka koma baƙin gilashi. Kowa a Kwatano ya san yadda ake ɗaukarsa, ko kuwa haka muke zato: ka haɗa ido da mai shi, ka kamu. Ni ma ban taɓa musu ba. Idan so zai iya bi ta ido ya shiga zuciya, me zai hana ciwo?

Ranar Lahadin da ta rage saura kwana shida a yi fet ranar Asabar, aka yi sunan ɗan ƙanwata a Godomey. Tun hantsi muna can. An kafa manyan tukwane a kan murhun itace, itacen kuma ɗanye, hayaƙi ya cika gidan. Aka sa 'yan mata yankan albasa da gyaran attarugu, 'yata a cikinsu, tana hawaye tana dariya. Da aka gama aka yi wanka, Hajiya ta zauna da tandunta ta jera jikoki ta rambaɗa wa kowa kwalli. Da yamma muka hau zem muka dawo cikin iska da hayaƙin motoci. Da safe na ga gefen idonta ya ɗan yi ja, ga sauran kwalli. Na ce hayaƙin jiya ne, na ɗaura mata jaka ta tafi.

Da tsakar rana ta dawo. Ta yi sallama a ƙofa da wata murya ƙasa-ƙasa, ta wuce ta gefena tana bin bango, ta shiga ɗaki ta zauna tana fuskantar kusurwa.

"Ke, me ya faru? Juyo mana."

"Mama, kada ki kalle ni. Za ki ɗauka."

Zan faɗi abin da na yi, ko da yake ba ya yi mini daɗin faɗa. Na kama kafaɗarta na juyo ta, ta ɗago, sai na ga jan nan, kafin in yi tunani fuskata ta kauce gefe. Daƙiƙa ɗaya ce, ba ta fi ba. Amma ta gani.

Ba ta iya ba ni labari ba. Mai wake da shinkafa ta ƙofar makaranta, maƙwabciyarmu ce, ita ta biyo bayanta da tire a ka, tana huci.

"Maman yara, yau na ga abin da ya hana ni ciniki. A layin safe malamar nan ta tsaya a kanta, ta ce ɗago in gani. Yarinya ta ɗago kamar yadda aka koya mata. Sai ta yi tsalle baya ta rufe fuska da littafi, wai kada ki kalle ni, kada ki kalli kowa! Wai baƙin abin nan da muke shafa wa yara shi ke kawo cutar."

"Kwallin?"

"Kwallin fa! Waɗanda nasu ya kumbura an riga an sallame su gida. Ita tunda nata bai nuna sosai ba, sai aka ja mata benci can ƙarshen aji aka juya shi, fuskarta a bango. Tun takwas har sha biyu. Da aka fito hutu ta zo sayen abinci, yara suna darewa suna rufe ido suna afolo, afolo. Ni na zuba mata na ce kalle ni 'yar nan, ta ƙi. Takardar jawabin ma an karɓe an ba wata."

Awa huɗu tana kallon bango. Na san bangon nan, mu 'yan kwamiti muka yi masa fenti. Babu komai a jikinsa sai tsagewa ɗaya da sawun damina. Matar da ta shekara tana cewa kalle ni, kalle ni, har ta sa na saɓa wa tarbiyyar gidanmu, ita ce ranar da yarinya ta ɗago mata ido da gaskiya ta mai da ita abin gudu. In ciwo take zargi, ai sai ta aiko a kira ni, gidanmu ko minti biyar bai kai ba. Ta san hanya, ta aiko lokacin allura.

Ban mai da ita makaranta da yamma ba, asibitin unguwa na kai ta. Nas ɗin dattijuwa ce 'yar Djougou, tana jin Hausa sarai. Ta kama haɓar yarinyar ta ɗago, ta kawo fuskarta har hancinsu ya kusa haɗuwa. 'Yata ta runtse ido gam.

"Buɗe, 'yar gidana. Shekara nawa ina leƙa idon masu afolo? Da a ce da kallo ake ɗauka, da tuni jagora ake yi mini."

Ta duba wannan, ta duba wancan, ta ce babu afolo ko ɗigo, hayaƙi ne da albasa, gobe ma zai washe. Na buɗe baki zan fara zuba abin da ke cikina game da metires, sai ta ɗaga mini hannu.

"Tsaya tukuna. Kwallin nan, tsinke nawa aka sa wa yaran da shi?"

"Ɗaya."

"Yara nawa?"

Na ƙirga a zuci. "Sha ɗaya."

"To Allah ya rufa muku asiri. Da ɗaya a cikinsu yana da shi, da yau duk kuna nan a layi. Ciwon nan ba ya tashi sama kamar tsuntsu. Hannu ne ke kai shi. Ka murza ido, ka taɓa wani, ko ku haɗa tsinken kwalli, ko hankici, ko tawul. A lekol ɗin da me suke goge hannu?"

Furannin wardi kawai nake gani.

Ta rubuta mini takarda ta buga hatimi. A hanya na ce wa 'yata kin ji ko, ba ki da komai. Ta gyaɗa kai, idonta a kan kwalta.

Washegari ni da 'yata muka riga masu share fili isa makaranta. Kafin mu fita Hajiya ta ce, "A kan 'yar fari za ki je ki tsaya kina ɗaga murya? Ina kunyarki?" Na ce Hajiya, yau na bar kunyar a gida, in na dawo na ɗauka.

Tawul ɗin yana nan a ƙusarsa. Ya daina zama ruwan hoda, ya yi wani launi da ba shi da suna, kuma a jiƙe yake tun na jiya. Ina tsaye wata yarinya ta wanke hannu, ta goge, ta kuma share fuskarta da shi har ido. Yara fiye da sittin, safe da yamma, wata uku. Na sa leda na cire shi na ƙulle, sannan na wanke hannuna sau biyu.

Sai ga metires ta shigo, sanye da baƙin gilashi.

"Yawwa, Madam, gara da kika zo. Kin ga abin da 'yarki ta yi mini? Jiya-jiyan nan ta kalle ni, yau na tashi ido a manne."

Ni da na zo da niyyar magana a hankali. Na miƙa mata takardar asibiti, ta ƙi karɓa, ta ce ita ta san abin da ta gani. Hayaniya ta jawo direkta, mutum mai sanyin hali wanda duk abin da ya faru a duniya amsarsa a yi haƙuri. Yara sun cika tagogi. 'Yata tana bayana, ta riƙe gefen zanena.

"Da me kike goge hannu in kin wanke alli?" na tambaye ta.

Ta waiwaya wajen ƙusa, ta ga wayam.

"Ga shi nan a leda. Ni na kawo shi, laifina ne, na ɗauka. Shi ya ba ki ciwo, shi ya ba yaran da kika sallama. 'Yata ba ta da komai. Yanzu ke kuma ki ɗauki naki."

"Madam, kowa ya san afolo da kallo..."

"To cire gilashin."

"Me?"

"Cire ki kalle ni. Ke ce mai cewa wanda ba ya kallon mai magana maƙaryaci ne. Ga ni ina magana."

Direkta ya ce a yi haƙuri. Ban ko waiwaye shi ba. Ina jin don yara suna kallo ne ta cire. Idanun sun yi jawur kamar garwashi, sun kumbura, ruwa yana bin gefensu. Na matsa kusa na zuba nawa a ciki.

A littattafai an ce idan ido ya haɗu da ido, duniya takan tsaya, zuciya ta riƙa bugawa kamar ganga. Ashe gaskiya ne. Shekara goma sha ɗaya da aure, ko mijina ban taɓa yi wa irin wannan dogon kallo ba, sai ga shi na yi wa malamar aji huɗu mai kwantsa. Zuciyata kuwa ta buga, don tsoro. Maganar nas tana kunnena, amma abin da na tashi da shi yana cikin jinina, yana ce mini kin kamu, kin kamu. Na ƙi ƙiftawa har hawaye ya taru mini. Ita ta fara kau da kai.

Direkta ya karanta takarda, ya ce metires ta je gida ta huta har ta warke, jawabi ya koma hannun mai shi, ɗaya yarinyar kuma ta miƙa wa baƙi furanni. Aka juyo da benci. Babu wanda ya ce wa 'yata yi haƙuri. Mutumin da ke raba haƙuri kamar goron suna, ranar bai ga yarinya 'yar shekara tara ba.

Na ɗauka magana ta ƙare. Da yamma na jera tukwane da kwalabe, na ce bismilla. Ta karanto jawabin tsaf, babu tuntuɓe, amma kanta a ƙasa.

"Ga direkta can, kalle shi."

"Mama, ke ma ai kin juya."

Can ta ce, "In Asabar ta yi naki bai yi ja ba, zan ɗago."

Haka idona ya zama abin gwaji. Kullum da safe, kafin ta sa kaki, sai ta wanke hannu da sabulu kamar yadda nas ta nuna mata, ta sa ni in durƙusa, ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa ta gefe, a ɗan tsorace, ta ce, "Tukuna." Ni kuwa in ta fita sai in ɗauko madubi. Ko ƙaiƙayi na ji a gira sai gabana ya faɗi. Na daina taɓa fuskata, na daina hura gawayin turare, albasa ma maƙwabciya na roƙa ta yanka mini. Akwai littafin da nake tsakiyar karantawa, an kai inda za a raba masoya, na rufe shi na tura ƙarƙashin katifa don kada ya sa ni kuka idona ya yi ja a banza.

Hajiya ta yi fushi da maganar tsinke. "Tandun nan ya girme ki, da shi na sa miki kwalli ranar sunanki, makancewa kika yi?" Kwana biyu ba ta ce mini komai a kai ba. Ranar Asabar da safe sai ga ta da sababbin tsinkaye uku a ƙulle a gefen gyale, ta ajiye mini a kan tabarma ba tare da ta dube ni ba, ta ce ɗaya nata, ɗaya nawa, ɗaya na jikarta sarauniyar Faransa.

'Yata ta durƙusar da ni. Wannan karon ta daɗe tana leƙawa, kuma ba ta gefe ba. Ta ce, "Fari ne." Ta ɗauki tsinkenta ta miƙa wa kakarta.

An kafa rumfa a filin makaranta, an jera kujerun roba, lasifika tana ƙara tana shaƙewa. Metires ta zo, ta warke, ba gilashi. Kafin a fara, direkta ya yi wa iyaye bayanin lafiyar yara. Ya ce an gano cewa wani tawul da wata uwa ta kawo shi ya yaɗa ciwon ido a aji huɗu, daga yau kowane yaro ya wanke hannu ya yarfe iska ta busar. Kawuna suka juyo wajena, don duk Zongo an san mai tawul. Ban sunkuya ba, na riga na ce nawa ne. Na jira ya ambaci benci da bango. Sai ya wuce zuwa maganar rajistar baɗi.

Aka kira ta. Ta fito cikin kakin da na goge har sau biyu, ta tsaya a gaban makirfo da ya fi ta tsawo, aka sauko mata da shi. Ta fara gaisuwa, idonta a kan takalminta. Layi na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Ina sahun gaba, na sha kwalli har ya yi yawa, na buɗe ido iyakar buɗewa kamar wadda aka tsorata, har matar da ke gefena ta tambaye ni ko lafiya. A layi na uku ta ɗago. Ni ta fara nema, ta same ni, ta tsaya a kaina har ta kai aya. Daga nan ta juya ga direkta, ta bi iyaye sahu-sahu kamar kwalaben turare. Da ta zo inda ake gode wa malamai, ta juya ta kalli metires sosai, da manyan idanun nan farare da kwalli ya zagaye. Metires ta duƙa tana gyara takardun da ke cinyarta.

An yi tafi. Iska ba ta kaɗa gyalena ba, zufa ce ta jiƙa shi, kuma babu wadda ta tambayi 'yar waye, kowa ya sani, 'yar mai tawul ce.

Har yau ba a ba ta haƙuri ba. Ina nan a kwamiti, kuma duk taron da aka yi sai na tayar da maganar cewa yaron da ake zargin ba shi da lafiya a kira uwarsa, kada a juya shi bango. Sun gaji da ni, direkta yana hango ni yake fara cewa a yi haƙuri. Tawul ɗin na dafa shi a ruwan zafi, yanzu da shi nake goge ƙasa.

Ladabin nan iri biyu kuwa ya rikice. Yanzu ko a gida in ana yi mata magana ido take zubawa. Jiya Hajiya tana aikenta sayen sabulu, ta tsaya tana kallonta kai tsaye.

"Kin gani ko?" in ji Hajiya. "Ki yi mata faɗa mana."

Na ce, "Bar ta, Hajiya. Ta kalli bango ya ishe ta."